Tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin gobarar dogon bene, daga bakin mai wayarin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai aikin wayarin nake yi, shekara 19 kenan ina cikinsa, a Jos na koya hannun maigidana wajen Dilimi, daga baya neman abinci ya kawo ni Abuja. Kwanaki muna kwana a wani gini da muke wa aiki wajen Jahi, dare ya yi ba abin yi, sai na kunna wa yarana wani tsohon fim na gobara a kwamfuta, toh tun daga ranar tambaya ta ƙi ƙarewa, yaran su tambaya, birkiloli su tambaya, har maigadin wajen ma sai da ya tare ni da tasa. Shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya in amsa iya abin da na sani, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya ba tun yau ba.

Wai wane fim ne wannan da kake ta maganarsa?

Sunansa The Towering Inferno, fim ɗin Amurka ne na 1974, ya girmi da yawanmu. Labarin wani bene ne mai hawa 138 a garin San Francisco, a fim ɗin shi ne mafi tsawo a duniya, ranar da ake bikin buɗe shi manyan gari sun taru a hawa na 135 ana ci ana sha, ashe tun da rana wuta ta kama a wani ɗakin ajiya a hawa na 81 ba wanda ya sani. Paul Newman ne ya fito a wanda ya zana ginin, Steve McQueen kuma shugaban 'yan kwana-kwana. Yana da tsawo fa, ya kusa awa uku, kuma ya ci kyautar Oscar guda uku. Kamfanonin fim biyu ne suka haɗa kuɗi suka yi shi.

Labarin gaskiya ne ko ƙirƙira?

Ƙirƙira ce, babu wannan ginin, daga littattafai biyu aka haɗa labarin. Amma a shekarar da ya fito ɗin, cikin watan Fabrairu, wani bene mai hawa 25 da ake kira Joelma ya ƙone a Sao Paulo ta ƙasar Brazil, mutum sama da 170 suka mutu, kuma daga esi ɗaya wutar ta tashi. Mu ma nan gida an gani, ginin NET na Marina a Legas mai hawa 32 ya kama a 1983, Cocoa House na Ibadan mai hawa 26 ya kama a 1985. Wani kuma da duniya ta kalla kai tsaye shi ne benen Grenfell na Landan, 14 ga Yunin 2017, hawa 24, rai 72.

Oga, da gaske waya kawai za ta iya cinye bene kaman wannan? Ni gani nake ƙarin gishiri ne irin na fim.

Wannan tambayar yarona ne ya yi ta, kuma wallahi nan ne wajen da fim ɗin ya fi faɗin gaskiya. A labarin, mai zanen ya rubuta irin wayar da za a saka, sai surukin mai ginin wanda aka ba kwangilar wutar ya je ya sayo mai araha ya danne sauran kuɗin, ranar biki aka kunna fitilun ginin gaba ɗaya don a burge baƙi, wayoyin suka ɗau zafi. Ni da na ga wajen nan sai da jikina ya yi sanyi don abin da nake fama da shi kenan kusan kowane wata.

Bari in yi bayani yadda kowa zai gane. Waya kaman bututun ruwa take, kowace da iya abin da za ta ɗauka. A gida waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce da fanka, 2.5 ta soket, esi da hita su samu 4, kuka mai lantarki 6. In ka ɗora wa siririyar waya kayan da ya fi ƙarfinta ba za ta yi magana ba, ɗumi kawai za ta riƙa yi a cikin bango ko saman silin inda ido ba ya kaiwa, robar jikinta ta bushe ta fara tsagewa, yau da gobe sai waya ta taɓa waya ko ta taɓa katako. Aikin bireka shi ne ta yanke wutar kafin a kai nan, toh amma sai ka ga bireka tana faɗuwa, maimakon a nemi dalili sai a cire ta a saka babba, ko a zamanin fis a naɗa mata waya mai kauri a ce an gyara. Ka kashe maigadi kenan ka kwanta.

Sannan ga wayar jabu. Za a rubuta 2.5 a jiki in ka fere ta ko 1.5 ba ta cika ba, wata kuma alminiyon ce aka shafa mata ruwan jan ƙarfe, ka kankare da wuƙa ka ga fari. Akwai wani aiki da na taɓa karɓa, bene hawa huɗu na shaguna, na rubuta kayan da nake so, washegari na zo na tarar an sauke wasu daban, na ce ranka ya daɗe wannan ba za ta ɗauki esi ba, ya ce duk mai wayarin haka yake faɗa don ya samu na cefane. Na haɗa kayan aikina na tafi, na yi asarar kuɗin da nake matuƙar buƙata lokacin, kuma na san a ranar wani ya karɓi aikin. Har yanzu in na bi ta gaban ginin nan sai na ɗaga kai na kalli tagogin, akwai masu ɗinki a hawa na uku da yara 'yan koyo.

Wani abin kuma, mu a Hausa kalma ɗaya ce, wuta. An kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta kama. Gobara da yawa tsakanin an ɗauke da an kawo take tashi, an bar ayan ko hitar ruwa a jone an fita.

Me ya hana su jingina tsani su sauko da mutane?

Tsani ba ya kaiwa. Motar kwana-kwana mai dogon tsani yawanci wajen mita 30 take miƙewa, hawa tara ko goma kenan, akwai waɗanda suka fi haka amma ba ko'ina ake da su ba, kuma sai motar ta samu fili ta kafa ƙafafunta, in an cika gaban ginin da motoci da kwantena shi kenan. A fim ɗin ma shugaban 'yan kwana-kwanan ya yi wa mai zanen ƙorafin haka, cewa su daga hawa na bakwai zuwa sama ba su da tabbacin cin ƙarfin wuta amma ana ta ƙara tsawo. Dogon bene daga ciki ake kashe wutarsa, mutum ya hau da ƙafarsa.

To ruwan fa, ya ake kai shi can sama?

Ginin ne da kansa ya kamata ya tanadi hanya. Akwai wani jan bututu da ake bi da shi ta gefen matakala tun daga ƙasa har sama, kowane hawa da bakinsa, mota ta jona a ƙasa ta tura ruwa, su kuma su hau da mesa su jona a hawan da ke ƙasa da wutar. In ginin ya yi tsawo sosai bututun kullum cike yake da ruwa, da tankinsa da injin turawa na kansa. Sai kuma 'yan ƙananan kawunan nan da kuke gani a silin ɗin otal ko banki, masu ɗan gilashi ja a tsakiya, in zafi ya kai digiri 68 gilashin ya fashe ruwa ya fara feshi. Ba wai duka suke buɗewa lokaci ɗaya ba yadda ake nunawa a finafinai, wanda zafi ya taɓa ne kawai.

Amma duk wannan sai in ana dubawa. Na sha shiga gini in ga jan akwatin mesa a bango tsaf-tsaf, in buɗe in tarar ba a ma jona shi da komai ba, ado ne kawai don masu zuwa dubawa.

Me ya sa ake cewa kar a shiga lif?

Saboda wuta na iya ɗaukewa ka maƙale tsakanin hawa biyu, ramin lif ɗin kuma hanyar hayaƙi ce, sannan yana iya buɗewa daidai hawan da ke ci. A fim ɗin an nuna haka, wasu suka ƙi jin magana suka cusa kai, ƙofa ta buɗe musu a cikin wutar. Wannan ba ƙari a ciki.

Ina ne fim ɗin ya yi ƙarya?

Hayaƙi. Nan ne babbar ƙaryar, kuma na gane dalilinsu, in suka nuna gaskiya ba abin da mai kallo zai gani sai baƙin allo. A fim za ka ga jarumi yana gudu a tsaye cikin ɗaki wuta na ci hagu da dama, fuskarsa tar, yana ma magana. A zahiri ɗakin da katifa ko kujerar soso ta kama, cikin 'yan mintuna hayaƙi baƙi ƙirin yake sauka daga silin, tafin hannunka ba za ka gani ba, idonka na ruwa, maƙogwaro ya shaƙe. Soso da roba da labule da fentin zamani in suna ƙonewa guba suke fitarwa, irin iskar nan ta janareta da ke kashe iyali a cikin barci tana ciki, har da wadda ta fi ta sauri. Shaƙa kaɗan mutum zai ji jiri ya rasa ina ƙofa take a ɗakin da ya shekara goma yana kwana.

Mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa wutar ba ta ma iso su ba. A 1980 wani babban otal a Las Vegas mai suna MGM Grand ya kama daga ƙasa, mutum 85 suka mutu, akasarinsu a hawa na can sama aka same su inda harshen wuta bai je ba, hayaƙi ne ya bi matakala da ramin lif ya tarar da su. Dogon gini kaman murhu yake mai bututu, iska mai zafi sama take nema, ka bar ƙofar matakala a buɗe ka ba ta hanya. Shi ya sa ƙofofin nan masu nauyi da ke rufe kansu suke da amfani, mu kuma sai mu sa dutse ko bulo mu tokare su wai don iska ta shigo.

Akwai kuma wani abu da 'yan kwana-kwana ke tsoro, in zafin saman ɗaki ya kai wajen digiri 600 komai na ɗakin sai ya kama lokaci guda, har abin da wutar ba ta taɓa ba. Daga nan ko da kayan aiki mutum ba ya tsayawa a ciki.

Ƙarshen fim ɗin da suka fasa tankunan ruwa na sama, zai yiwu?

Ya yi kyau a ido, ni kaina sai da na miƙe tsaye, amma ba dabara ba ce da za a yi a gaske. Galan miliyan ɗaya suka ce, wato wajen lita miliyan 3.8, ka lissafa tankar mai ta lita 33,000 sama da guda ɗari a jere a kan rufi, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Ruwan nan in ya sauko ramin lif da matakala zai bi ya wuce, ba zai shiga lungu-lungu yana neman wuta ba. Abu ɗaya da suka nuna daidai shi ne ruwan da kansa ya tafi da wasu duk da sun ɗaure jikinsu.

Jirgi mai saukar ungulu fa? Ba sai a hau rufi a jira ba?

Kar ka sa ranka a kai. Zafi da hayaƙi duk sama suke zuwa, iska kuma a can ba irin ta ƙasa ba ce. A Joelma mutane da yawa rufi suka gudu jirgi ya kasa sauka a lokacin da ake buƙata, a Las Vegas kuma an samu kwashe mutane ta rufin. Toh ka ga abin sa'a ne, kuma mu a nan ƙofar rufi ma yawanci da kwaɗo take.

Ya aka yi ginin bai rushe ba duk wannan wutar?

Kankare yana da juriya, ƙarfe ne ke laushi, in ya kai wajen digiri 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa ake lulluɓe shi. Wasu gine-ginen suna tsayawa wasu ba sa tsayawa. A Janairun 2017 ginin Plasco na Tehran mai hawa 17, cike da shagunan tufafi da masu ɗinki, ya ci wuta na awanni ya rufto kan 'yan kwana-kwana, 16 daga cikinsu suka rasu. Ranar 11 ga Satumban 2001 kuma a New York 'yan kwana-kwana 343 aka rasa a yini ɗaya, suna hawa mutane na sauka.

Malam mu da ba mu da bene hawa ɗari, me ya shafe mu?

Maigadinmu ne ya yi wannan, dattijo ne, na ce Baba ai mu ya fi shafa. Abuja tana da dogayen gininta a tsakiyar gari, ga tagwayen World Trade Centre da suka haura hawa ashirin, ga na NNPC, ga hedikwatar Babban Banki, amma ni ba su ne ke hana ni barci ba. Abin da ke damuna filazozin nan ne masu hawa uku hawa huɗu da suka cika Wuse da Garki da Utako har Kubwa da Nyanya, matakala ɗaya tal, ƙarƙashinta an yi shago ko an jera janareta da jarkokin mai, kowace taga an dasa mata ƙarfe saboda ɓarayi, kowane shago da inbata da batir a kusurwa an rufe da kwali. In ƙasa ta kama, na hawa na uku ba shi da bambanci da na hawa na 135.

Kuma ni ba a fim na fara ganin gobara ba. Ina da shekara 15 babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone, Fabrairun 2002, mahaifina Allah ya jiƙansa yana da shagon atamfa a ciki. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san abin alfahari ce, daga jihohi ake zuwa sayayya, in ka shiga sai ka ɓata. Da dare aka buga mana ƙofa, lokacin sanyin Jos bai gama tafiya ba, muka fito da gudu, tun daga nesa sama ta yi ja. Abin da ban manta ba shi ne ƙarar, wuta tana da ƙara kaman jirgi zai tashi, fim bai taɓa kama wannan ba. Baba ya tsaya da makullin shago a hannu har gari ya waye, bai yi kuka ba bai ce komai ba sai innalillahi, makullin nan yana cikin aljihunsa har ya bar duniya. Kaya na bashi ne rabi. Daga nan karatuna ya tsaya aka kai ni koyon aiki, kuma gidaje irin namu a Jos ba su ƙirguwa, wasu sun koma kasa kaya a bakin titi wasu ba su sake tashi ba. Shekara da shekaru kangon yana tsaye a tsakiyar gari muna wucewa ta gabansa.

Su 'yan kwana-kwanan namu ai kullum sai wuta ta gama suke zuwa, wani lokacin ma ba ruwa.

Na san wannan maganar, ni ma na faɗe ta da zafi a baya. Amma da na zauna da wasunsu a wajen aiki na fahimci abubuwa. Motar nan ruwan cikinta 'yan dubban lita ne, in aka buɗe mesa sosai mintuna kaɗan ya ƙare, a ƙasashen da abin ya zauna famfon gobara ne a bakin titi ko'ina su jona su ci gaba, mu kuwa sai mota ta koma ɗebowa, kafin ta dawo wuta ta huta ta tashi. Ga cunkoso, ka ce mota ta ratsa hanyar Nyanya zuwa Maraba ƙarfe shida na yamma. Ga mu kanmu, sai mun yi rabin awa muna fama da bokiti kafin wani ya tuna ya kira, in an kira ma kwatancen sai a hankali, sun iso kuma ɗaruruwan 'yan kallo sun tare hanya kowa da waya a sama, wani wajen har jifansu ake yi.

Mutumin nan kayan jikinsa da tukunyar iskar da ya goya sun haura kilo 20, iskar kuma in yana aiki da ƙarfi rabin awa ce ko ƙasa da haka, da ita zai hau da ita zai sauko. Ban ce ba su da laifi ko kaɗan ba, kuma hukuma ya kamata ta ba su kayan aiki da ruwa, amma wanda ya shiga inda kowa ke gudu ba abokin jifa ba ne. Fim ɗin nan ma a farkonsa an rubuta cewa an sadaukar da shi ne ga 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa 112 ce, kyauta ce, kuma ka nemi lambar ofishinsu mafi kusa da kai ka ajiye a waya tun yau.

In ta ritsa da ni a sama me zan yi?

Abu na farko tun kafin ta faru ne, duk benen da ka shiga, otal ne ko ofis ko asibiti, ka san ina matakala take, in akwai ta biyu ka san ta. In ka ji ƙararrawa ko ihu ka fita nan take, kar ka tsaya neman takalmi ko kwamfuta, kar ka tsaya tambayar ko da gaske ne. A fim ɗin mai ginin ya ƙi sauko da baƙinsa da wuri don kar biki ya lalace, wannan jinkirin shi ya jawo rabin asarar.

Kafin ka buɗe ƙofa ka taɓa ta da bayan hannu, in da zafi kar ka buɗe. In ka fita ka ja ƙofar ka rufe a bayanka, rufaffiyar ƙofa tana riƙe wuta fiye da yadda mutane ke zato. In akwai hayaƙi ka duƙa ka yi rarrafe, iska mai kyau a ƙasa take, ka bi bango da hannu. Ƙasa za ka nufa. In matakalar ta cika da hayaƙi ba ta biyuwa, ka koma ɗakin da ke da taga ta waje, ka rufe ƙofa, ka jiƙa zani ko tawul ka toshe ƙasanta, ka kira ka faɗi hawan da kake da ɗakin, ka riƙa kaɗa wani abu ta taga. Tsalle daga sama shi ne abin da ya kashe mutane da dama a Joelma.

Ƙaramar wuta kuma in yanzu ta fara, ta lantarki ka fara kashe babban layi kafin komai, kar ka watsa ruwa a kan abin da ke jone. Ta man girki ka rufe tukunyar da murfi ko jiƙaƙƙen buhu ka kashe gas, ruwa a kan tafasasshen mai tashi yake yi har silin. Jar tukunyar kashe gobara mai hoda wadda ake ratayewa a bango, ka zare fil ɗin ka nufi gindin wutar, kuma ka sani daƙiƙu kaɗan take yi ta ƙare, in ba ta mutu ba ka fita.

Su kuma ƙarafen taga, don Allah ko ɗaya a gida a yi shi mai buɗewa, makullin a rataye kusa inda yara ma suka sani.

Amma ai gobara ƙaddara ce, in Allah ya rubuto ba makawa.

Haka ne, na yi imani da ƙaddara, da ita mahaifina ya rayu bayan kasuwa. Amma ai ya zo a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka faɗa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Wanda ya sayi wayar jabu yana sane, ya sa kwaɗo a ƙofar gudu yana sane, in rai ya salwanta akwai tambaya a kansa. A Grenfell firji ne ya kama a hawa na huɗu, abin da ya kamata ya tsaya a gida ɗaya, amma kayan da aka lulluɓe jikin ginin da su masu cin wuta ne, ta bi ta waje ta kai ƙololuwa cikin ƙanƙanin lokaci, matakala kuma ɗaya ce. Cikin azumi abin ya faru wajen ƙarfe ɗayan dare, Musulmin da ba su kwanta ba suna jiran sahur suna cikin waɗanda suka riƙa buga wa maƙwabta ƙofa.

Za a iya kallo da yara?

Ƙanana a'a, akwai wuraren da mutum ke ci da wuta yana faɗowa, da 'yan wuraren soyayya da za ka so ka tura gaba. Matasa kuwa musamman masu koyon wayarin da walda da gini, ni ina so su gani.

Kai wane waje ne ya fi tsaya maka a rai?

Ba wajen fashe-fashen ba ne. Akwai inda mai zanen da wani yaro da yarinya da wata mata suka sha wahala suka hau matakala har saman, suka iso ƙofar da za ta kai su wajen sauran mutane, sai ƙofar ta ƙi buɗuwa saboda wani lebura ya zubar da kwaɓaɓɓen siminti a bayanta ya bushe ba wanda ya kankare. Da muka zo wajen nan na tsayar da fim ɗin na ce wa yaran ku tashi, muka ɗau tocila muka zaga ginin da muke kwana a ciki. A matakala ta biyu muka tarar da buhunan siminti sha ɗaya da baro da tarin katakon zuba kankare an jibge tun daga hawa na ɗaya, ko akuya ba za ta wuce ba. A daren muka kwashe su, sai wajen ƙarfe ɗaya muka dawo muka ƙarasa kallon.